GPL ko MIT: waƙafi za ka yi da manhajarka, ko kyauta?

Wani ƙanina da ya gama karatun kwamfuta bara ya zo mini da laftof ɗinsa bayan sallar isha'i. Wata takwas ya yi yana haɗa manhajar da makarantun Islamiyya za su riƙa lissafa sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta da ita, kuma ya ƙudura zai sake ta a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kowa ya amfana. Ya cika suna, ya cika bayani, sai ya iso ɗan akwatin da ake zaɓen lasisi. Da ya taɓa shi jeri ya zubo: Apache, GPL, MIT, BSD kala biyu, AGPL, LGPL, Mozilla. Ya juyo da allon wajena ya ce, "Yaya, wanne zan danna? Ai duk kyauta ne, ko?"

Na ce ya ɗan dakata. Wannan dannawa ɗaya ita za ta yanke abin da wasu za su iya yi da guminsa nan da shekara goma, kuma gyara ta daga baya na da wuya fiye da yadda mutane ke zato.

Abu na farko da na hana shi shi ne barin akwatin fayau. A doka, duk abin da ka rubuta naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi. Idan ka ɗora rubutun tushe na manhajarka, wato ainihin umarnin da ka rubuta aka gina ta da shi, a intanet ba tare da lasisi ba, mutane za su iya kallo, amma ba wanda ke da izinin kwafa ko gyarawa ko rarrabawa. Mai son bin ƙa'ida zai wuce ya bar ta, wanda bai damu ba ne kawai zai ɗauka.

Lasisin da ke cikin jerin nan da yawa, amma gida biyu suka fito. Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayyana su ita ce bambancin kyauta da waƙafi. Idan ka ba mutum kyautar gona, ta zama tasa: ya noma, ya sayar, ya kewaye ta da katanga, ba ruwanka. Idan kuwa ka yi waƙafinta, kowa zai ci amfaninta, amma ba wanda zai mayar da ita tasa shi kaɗai ya hana na baya. MIT da BSD da Apache kyauta ne, su ake kira masu sassauci. GPL da danginta waƙafi ne, masu sharaɗi.

Lasisin MIT bai kai kalma 200 ba, za ka karanta shi kafin shayi ya huce. Sakin layi na farko ya ba kowa izinin amfani da manhajar, da kwafarta, da gyara ta, da haɗa ta da wata, da sayar da ita. Na biyu ya kawo sharaɗi ɗaya tak: a bar sunan mai haƙƙin da wannan sanarwa a cikin duk kwafin da aka yi. Na uku, da manyan baƙaƙe, ya ce marubucin bai ɗauki alhakin komai ba idan manhajar ta jawo hasara. Shi ke nan. In kana son ganin wannan sharaɗi yana aiki, shiga saitin wayarka ta Android, ka nemi bayanin waya, ka buɗe sashen bayanan shari'a. Wannan dogon jerin sunayen da ba wanda ke karantawa, shi ne ladan da marubutan suka nema. BSD, wanda ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kusan haka yake. Da yana da wani sharaɗi na ambaton jami'ar a cikin kowace talla, aka cire shi a 1999.

GPL kuwa daga ɓacin rai ta fito. Wajen 1980 Richard Stallman yana aiki a ɗakin bincike na jami'ar MIT a Amurka, wadda lasisin MIT ya samo sunansa daga gare ta, aka kawo musu sabuwar firinta ta Xerox mai yawan cije takarda. A tsohuwar firintarsu ya taɓa gyara manhajar ta yadda za ta sanar da mutane idan takarda ta maƙale. Ya nemi rubutun tushen sabuwar domin ya yi mata haka, wanda ke riƙe da shi ya hana, saboda ya sa hannu a yarjejeniyar ɓoye sirri. Stallman ya shelanta aikin GNU na gina manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa a 1983, ya kafa gidauniyar FSF mai kare wannan 'yanci a 1985, GPL ta farko ta fito a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007. Dabararsa ita ce ya ɗauki dokar haƙƙin mallaka, wadda aka yi domin hana kwafa, ya juya ta ta zama mai tilasta buɗewa. Ka ɗauka, ka gyara, ka rarraba, amma duk wanda ka miƙa wa manhajar sai ka ba shi rubutun tushe da irin izinin da kai ma ka samu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan misalin waƙafi ya ɗan gaza, kuma gara in faɗa, domin mutane da yawa sun fahimci GPL a karkace. Ba ta hana sayarwa. Kana iya karɓar kuɗi a kan manhajar GPL yadda ka ga dama, abin da ba za ka iya ba shi ne rufe tushenta ga wanda ya saya. Ba ta kuma tilasta maka fitar da gyaran da ka yi domin amfanin kanka ko na ofishinka. Sharaɗin yana tashi ne ran da ka rarraba. Sannan ba marubucin asali aka ce ka mayar wa gyaran ba, wanda ka ba manhajar ne ke da haƙƙi a kanka.

Ɓangarorin biyu duk 'yanci suke ambato, sai dai ba 'yancin mutum ɗaya suke nufi ba. Mutanen Berkeley suna duban wanda rubutun ke hannunsa yanzu: kada a ɗaure shi, ya yi abin da ya so. Stallman yana duban na ƙarshen layi, mai amfani da na'urar, wanda zai iya wayar gari da abin da ba shi da ikon gyarawa duk da cewa daga kayan jama'a aka gina shi. Labarai biyu sun fi kowane bayani nuna wannan.

Andrew Tanenbaum malamin jami'a ne a Amsterdam, shi ya rubuta MINIX, wani ƙaramin tsarin tafiyar da kwamfuta, domin koyar da ɗalibai, daga baya aka sa mata lasisin BSD. Injiniyoyin Intel sun taɓa tuntuɓarsa da tambayoyi, ya amsa, sai suka yi shiru. A 2017 ne ya gani a kafafen labarai cewa Intel ta saka MINIX a cikin wani ɓoyayyen sashe na kayanta, wanda ke aiki a ƙarƙashin Windows ko Linux ba tare da mai kwamfutar ya sani ba. Miliyoyin kwamfutoci ke nan. Ba a biya shi ba, ba a sanar da shi ba, kuma ba wanda ke iya ganin gyaran da aka yi. Ya rubuta wa shugaban Intel buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda ya nuna cewa da an sanar da shi ko don ladabi da ya ji daɗi, amma bai yi nadamar lasisin ba, don a ganinsa irin wannan 'yancin ne ya sa aka ɗauki aikinsa tun farko. Ina girmama wannan matsayi. Mutum ne da ya san kyauta ya yi, kuma bai bi ta da ido ba.

Na biyu ya faru a 2003. Kamfanin Linksys ya fitar da rautar WRT54G, wata 'yar na'urar raba intanet mai launin shuɗi da baƙi da eriya biyu. Masu bin diddigi suka gano cewa Linux ce a cikinta, ita kuwa Linux tana ƙarƙashin GPL tun 1992, lokacin da Linus Torvalds ya sauya mata lasisi. Aka matsa wa kamfanin lamba har ya saki rubutun tushe. Daga wannan rubutu ne aka fara OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar tafiyar da rauta, a 2004, wadda yau ke aiki a kan ɗaruruwan nau'o'in rauta, kuma da ita mutane ke raya tsofaffin na'urorin da masu ƙera su suka daina kula da su. Da lasisin Linux irin na MINIX ne, da Linksys ba ta da dalilin buɗe komai.

To me ya sa kowa bai rungumi GPL ba? Saboda tana da tsada, kuma tsadar ita ce masu gudunta. Apple ta tsaya a kan tsohuwar bash 3.2, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, shekara da shekaru domin sababbin suna ƙarƙashin GPL ta uku, har a 2019 ta mayar da takwararta zsh ta zama ta farko a macOS. Ta zuba kuɗi da ma'aikata a LLVM da Clang masu sassauci, ta bar GCC ta GNU, dukkansu manhajojin juya rubutun tushe ya zama abin da na'ura ke karantawa. Google ta gina Android a kan zuciyar Linux, amma kusan duk abin da ke samanta Apache ne, domin masu ƙera waya su ƙara nasu su rufe. Google ɗin nan ta hana ma'aikatanta amfani da duk abin da ke ƙarƙashin AGPL. A 2011 an cire VLC, manhajar kallon bidiyo, daga shagon manhajojin Apple saboda sharuɗɗan shagon sun ci karo da GPL, sai a 2013 ta dawo bayan an sassauta lasisin. Shi kansa Torvalds ya ƙi GPL ta uku, musamman sharaɗinta na hana kamfani kulle na'ura ta yadda gyararriyar manhaja ba za ta yi aiki a kanta ba, ya bar Linux a ta biyu har yau.

Kuma kada a ɗauka masu sassauci ba sa samun komai daga masu ɗauka. Netflix tana tura bidiyonta daga sabobin, wato manyan kwamfutocin intanet, da ke aiki da FreeBSD, wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai lasisin BSD, kuma tana mayar da gyare-gyare masu yawa ba tare da doka ta sa ta ba. Dalilin lissafi ne: idan ka riƙe gyaranka a ɓoye, duk lokacin da asalin ya ci gaba sai ka sake ɗinke naka a kai, wahalar tana ƙaruwa kowace shekara. Sony kuwa ta gina tsarin PlayStation 4 a kan FreeBSD ɗin, ta rufe abinta. Duka biyun halal ne a wannan lasisi, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai zo maka ba.

Akwai wurin da ko Stallman ya yarda sassauci ya fi. A 2001 masu haɗa tsarin sauti na Ogg Vorbis sun mayar da laburarensu, wato guntayen rubutun da wasu manhajoji ke jingina da su, zuwa lasisin BSD, kuma ya goyi bayansu, domin burin a lokacin shi ne tsarin ya shiga kowace na'ura ya yi gogayya da MP3. Idan abin da kake so shi ne aikinka ya zama ma'aunin da kowa ke bi, duk sharaɗin da ka ƙara ƙofa ce ka rufe wa kanka.

Rikicin da ya fi zafi a shekarun nan ya taso ne daga wani giɓi da ke cikin GPL. Sharaɗinta rarrabawa ke tayar da shi. Kamfanin da ya ɗora manhajarka a sabarsa, mutane suna shiga ta intanet suna biyan kuɗin wata, bai rarraba komai ba a idon doka, don haka ba abin da ya wajaba a kansa. AGPL ta uku ta fito a 2007 domin toshe wannan: idan ka gyara manhajar kuma jama'a suna amfani da ita ta hanyar sadarwa, sai ka ba su tushen. Dandalin zumunta na Mastodon da manhajar ajiyar fayil ta Nextcloud a kanta suke. Kamfanonin da suka fara da sassauci kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Manhajar bincike ta Elasticsearch, ta kamfanin Elastic, a da tana ƙarƙashin Apache, Amazon tana ba da hayarta tana samun kuɗi, masu ita suna ganin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A Janairun 2021 Elastic ta sauya zuwa lasisin da ba a ƙirga shi cikin na 'yanci. Amazon ta ɗauki kwafin ƙarshe na Apache ta ci gaba da shi da sunan OpenSearch. Manhajar adana bayanai ta Redis ta bar BSD a Maris ɗin 2024, cikin 'yan kwanaki aka kafa reshenta Valkey a ƙarƙashin Gidauniyar Linux da goyon bayan manyan kamfanonin hayar saba. Daga baya dukansu biyu suka ƙara AGPL cikin zaɓinsu, Elastic a 2024, Redis a 2025, amma rassan da suka ɓalle ba su dawo ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kyautar da ka riga ka bayar ba ta dawowa. Kana iya tsaurara lasisin abin da za ka rubuta gobe, kamar yadda aikin Wine, mai sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux, ya koma LGPL, 'yar uwar GPL, a 2002 bayan wani kamfani ya gina kasuwanci a kansa bai mayar da gyaransa yadda aka so ba, amma na jiya yana nan a hannun kowa. Ta ɗaya gefen ma akwai wahala. Idan ka fara da GPL, mutane hamsin suka ƙara nasu, ranar da kake son sassautawa sai ka nemi yardar kowannensu, ko ka goge abin da ya rubuta ka sake. Masu VLC sai da suka bi marubuta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da barin aikin. Sauƙin sauyawa yana hannunka ne kawai a lokacin da kai kaɗai ne marubuci, kamar ƙanina a wannan dare.

Tsakanin gidajen biyu akwai rumfa. Lasisin Mozilla yana ɗaure fayil ɗin da ka gyara ne kawai, sauran aikinka naka ne. LGPL tana barin rufaffiyar manhaja ta jingina da laburarenka muddin gyaran laburaren kansa ya fito fili. A cikin masu sassauci kuma, Apache 2.0 ta 2004 ta fi MIT tsawo saboda ta fito ƙarara ta ce duk wanda ya ba da gudummawa ya ba da izinin amfani da rajistar ƙirƙirarsa da ta shafi abin da ya kawo, ba zai dawo gobe ya kai ka ƙara a kai ba. Aikin da kamfanoni za su shiga, Apache ta fi kwanciyar hankali.

Ƙanina ya tambaye ni wanne ne zai kawo masa kuɗi. Na gaya masa gaskiya, ba ko ɗaya. Lokacin da aka gano ramin tsaron da ake kira Heartbleed a manhajar OpenSSL a 2014, duniya ta farga cewa manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Lasisi ba ya biyan albashi. Iyakar abin da zan ce, GPL tana ba wanda ya mallaki dukkan haƙƙin aikinsa wata hanya: ya saki manhajar ga jama'a da sharaɗi, ya sayar wa kamfanin da ba ya son sharaɗin lasisi na daban. Manhajar adana bayanai ta MySQL a haka ta rayu har kamfanin Sun ya saye ta a kan kusan dala biliyan 1 a 2008. Mai MIT ba shi da wannan abin sayarwa, ya riga ya bayar.

Sai tambayar da ta fi damuna ni kaina. Yaro a Kano ko Damagaram, idan wani ya karya masa sharaɗin GPL, da wane kuɗi zai ɗauki lauya? A Jamus wani marubucin manhaja, Harald Welte, ya yi nasara a kan masu karya GPL a kotun Munich a 2004, FSF ta kai kamfanin Cisco ƙara a 2008 aka sasanta a 2009, amma waɗannan suna da ƙungiyoyi da lauyoyi a bayansu. Duk da haka ban ɗauki sharaɗin a matsayin banza ba. Yawancin aikin GPL ba a kotu yake faruwa ba, a ofishin lauyoyin kamfanoni ne, inda ake duba lasisi kafin a taɓa komai. Ɓarawo ba MIT ba GPL da za ta tsayar da shi. Mai mutunci da hukumar da ke bin ƙa'ida kuwa, rubutaccen sharaɗi yana tsayar da su, kuma yana ba makarantar da aka sayar wa manhajar hujjar cewa a ba ta tushen. A fannin lafiya a Najeriya ana aiki da manhajar tattara bayanai DHIS2 ta Jami'ar Oslo mai lasisin BSD, ana kuma aiki da SORMAS ta bin diddigin annoba mai lasisin GPL, wanda ke nuna cewa sharaɗin bai hana hukuma ɗaukar abin da take bukata ba.

Don haka na mayar masa da tambayar ta wata fuska: wace hasara ce za ka iya haɗiyewa? Ta farko, ka ga wani ya ɗauki aikinka, ya sauya tambari, ya rufe, yana sayar wa makarantu. Ta biyu, ka ga wani babban kamfani ya so amfani da aikinka ya fasa saboda sharaɗi. Wanda ta biyu ta fi yi wa ciwo ya ɗauki MIT ko Apache da zuciya ɗaya, kuma kada ya yi kuka ranar da aka yi masa irin ta Tanenbaum. Wanda ta farko ta fi yi wa ciwo, GPL ce tasa, ko AGPL idan ta intanet ake shiga manhajar.

Ra'ayina a kan tasa manhajar bai ɓoyu ba. Cikakkiyar manhaja ce da shugaban makaranta zai zauna a gabanta, ba guntun da wasu masu rubutu za su saka a cikin nasu ba. Google ba ta jiran ta, don haka tsoron korar manyan kamfanoni bai shafe shi ba. Haɗarin da ke gabansa na kusa ne, kuma na taɓa ganinsa: wata makaranta da na sani ta biya wani ya kawo mata manhajar sakamako, bayan shekara biyu lambarsa ta daina shiga, sakamakon ɗalibai na zango shida ya maƙale a cikin abin da ba wanda ke iya buɗewa, malamai suka koma rajistar takarda. Da tushen yana hannunsu, da kowane yaro mai ilimin kwamfuta a unguwar zai iya ceto su. Irin wannan makaranta Stallman yake nufi da na ƙarshen layi. Na ce ya sa AGPL, tunda ta burauza ake shiga.

Amma a cikin aikin nasa akwai wasu guntaye biyu da na ce ya ware: wanda ke juya kwanan wata tsakanin Hijiriyya da Miladiyya da sunayen watanni da Hausa, da wanda ke rubuta adadin kuɗi da kalmomi a kan rasit, ya mayar da 12,500 ya zama "dubu goma sha biyu da ɗari biyar". Waɗannan so ake su shiga ko'ina, har cikin manhajar banki da ta asibiti waɗanda ba za su taɓa buɗe tushensu ba, domin ribar ita ce Hausa ta bayyana daidai a allon mutane. Su MIT ta dace da su.

Kafin ya danna sai da muka duba laburaren da ya jingina da su, domin hanyar ɗaya take bi: kayan MIT da BSD suna shiga cikin aikin GPL lafiya, amma kayan GPL ba sa shiga aikin da za a rarraba a matsayin MIT. Apache 2.0 tana zama da GPL ta uku, ba ta zama da ta biyu zalla. Nasa duk MIT ne, sai guda ɗaya Apache, ba matsala. Ya buɗe ma'aji biyu a GitHub maimakon ɗaya, ya kwafe guntayen nan zuwa na biyun, ya rubuta shekara da cikakken sunansa a layin farko na lasisin MIT. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, ya ƙarasa ɗora na AGPL ɗin da intanet ɗin wayata.